Ku Tambayi Mushe: Karatun nesa, kaɗaici da kunyar tambaya

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wanga mako kusan duk abu guda suke kewayawa, wato karatu da abin da yake tayarwa cikin zuciyar mai yin shi, musamman irin wanda ake yi yanzu ta waya ba aji ba benci. Na zaɓi biyar. Kamar kullum na cire sunaye na bar unguwa ko gari, kuma na rage tsawon wasu, don akwai wadda ta rubuto mini abin da ya kusa cika kaye guda.

TAMBAYA, daga wata matar aure a unguwar Ali Ɗan Sofo

Mushe ina wuni, ya iyali. Ni dai na samu bak ɗina shekara huɗu da suka wuce sai aka yi mini aure ban samu shiga jami'a ba. Bana maigidana ya biya mini wata formasiyo ta lissafin kuɗi da ake yi ta intanet, wata shida ce, ana turo darasi cikin bidiyo da takardu. Watan farko wallahi da ɗoki na fara, in yara sun yi kwana in zauna da waya da kaye har ƙarfe ɗaya. Yanzu ina wata na uku, sati biyu kenan ban buɗe darasi ko guda ba. Ba wai ban ganewa ba ne duka, kawai ji nike kamar ni kaɗai ce cikin duniya, ba wanda ya san ina karatu ba wanda zai tambaye ni in ban yi ba. Kuma ina jin nauyin gaya ma maigidan saboda kuɗin da ya kashe. Lalaci ne ya kama ni ko kaina ne ya toshe tun da na bar lakwal?

AMSA

Lahiya lau ɗiyata, Allah shi yi albarka. Macen da ke zama da kaye har ƙarfe ɗaya na dare bayan ta gama da tuwo da wanke-wanke da rarrashin yara, wallahi ba a kiran ta raguwa. Kanki ma lahiyarshi lau. Abin da ya same ki ya samu mutane dubbai waɗanda ba su da goyo, ba su san ɗaukewar wuta ba, ba su lissafin mega nawa bidiyo guda zai cinye musu.

A 2011 wasu masana biyu, Sebastian Thrun da Peter Norvig, suka buɗe ma duniya darasinsu na jami'ar Stanford ta Amurka kyauta ta intanet. Mutum kimanin 160,000 suka rubuta suna, waɗanda suka kai ƙarshe ba su wuce 23,000 ba. Shekarar da ta biyo, 2012, jami'ar MIT, ita ma ta Amurka, ta buɗe nata darasin na lantarki, kusan 155,000 suka shiga, 7,157 suka samu takarda. Daga baya da aka duba irin waɗannan kwasa-kwasai na MIT da jami'ar Harvard aka fitar da sakamako a 2019, sai aka ga a zangon 2017 zuwa 2018 kashi 3 cikin 100 ne kacal suka gama. Gaskiya da yawansu leƙe kawai suka yi tunda kyauta ne, ba kamar ke da aka biya ma kuɗi ba, amma ko an cire masu leƙe ramin yana nan da zurfi.

To mi ke kawo hakan? Ki tuna zamanki na lise. Ranar da ba ki zo ba, da marece ƙawarki za ta biyo gida ta ce ke lahiya kuwa? Mushe na kiran suna da safe. In an yi bayani ba ki gane ba sai ki ɗan waiga, ki ga fuskar ta kusa da ke ita ma ta yamutse, sai hankalinki ya kwanta kin san ba ke kaɗai ba ce, a hanyar komawa gida ku tsaya gindin bedi ku warware abin tare ko ku yi ta zagin lissafin tare, duk ɗaya ne, gobe dai za ku koma. Wannan duk kyauta kike samun shi ba ki ma san kina samu ba. Bidiyo ta ɗauko miki darasin ta baro waɗannan a can.

Wasu malamai uku a ƙasar Kanada, Garrison da Anderson da Archer, sun rubuta a shekarar 2000 cewa karatun nesa kan abu uku yake tsayawa. Ni dai in na karanta maganarsu murhu nake gani. Dutse na farko malami ne mai tsara hanya yana jan ragama, na biyu aikin ƙwaƙwalwar ɗalibi, na uku kuma ɗalibi ya ji a jikinshi cewa akwai mutane na gaske tare da shi, masu suna, masu gajiya irin tashi. Ke an ba ki na farko rabi-rabi, kin kawo na biyu da ƙarfinki, na ukun babu. Kin taɓa ganin tukunya ta zauna kan dutse biyu?

Mu nan Nijar ma ba sabon abu ba ne gare mu. Tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo, ana taruwa gari-gari a saurari shiri tare, in ya ƙare mai jagora ya buɗe mahawara, har a ɗauki muryoyin mutane a aika Yamai a sake watsawa. Waɗanda suka tsara abin sun gane tun lokacin cewa murya daga akwati ita kaɗai ba ta isa ta zauna cikin kai, sai an tauna ta da baki da yawa.

Ga abin da nike so ki yi. Ki rubuta ma masu makarantar ki ce su haɗa ki da wata da ke wannan formasiyo, in an samu a Maradi madalla, in a Damagaram take ko Tawa ba laifi, waya na kaiwa. Mutum guda ta isa, kar ki nemi taro. Ku tsaida rana da lokaci, misali Talata da Asabar bayan isha'i, minti ashirin, kowa ta faɗi inda ta tsaya sannan ta yi ma ƴar'uwarta bayanin abu guda da bakinta, da Hausa ma in ta fi sauƙi. Sayyidina Umar kanshi haka ya yi da maƙwabcinshi mutumin Madina, yau wannan ya je wurin Annabi (SAW) gobe wancan, wanda ya je ya dawo ya faɗa ma wanda bai je ba.

Sannan ki gaya ma maigidan. Na san nauyi, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gara ya ji daga bakinki yanzu da saura wata uku da ya ji ranar da ake raba takardu. Ki roƙe shi abu guda, duk Juma'a ya tambaye ki ina aka kwana. In yana da shago ki karɓi littafin shigar kuɗi da fitarsu ki gwada abin da kike koyo a kai, ko na adashin matan unguwa. Kuma don Allah kar ki ce sai kin rama sati biyun nan cikin dare guda. Ki buɗe darasi ɗaya yau, mafi gajarta.

TAMBAYA, daga wani ɗalibi ɗan Tibiri

Baba Mushe barka da aiki. Ina bin wani kwas na kwamfuta, duk sati muna haɗuwa da malamin kai tsaye ta bidiyo, akwai ƴan Senegal da ƴan Kodebuwa har da na Faransa. Ran nan na yi tambaya na kuskure kalma sai na ji wasu sun yi dariya. Tun daga ranar na kashe makirho ɗina ban sake magana ba, kuma ko na zauna sauraro zuciyata bugawa take kar malamin shi kira sunana, har a gama ban riƙe komi ba. Faransancinsu gudu gare shi kamar ruwa, ni kuwa sai na fassara cikin kaina tukuna. In bari ne in nemi wanda ba a magana?

AMSA

Ɗana kar ka bari. Bari in fara da kaina don kar ka ce na ƙoshi ne nike ma mai yunwa wa'azi. A lakwal ɗin da na yi ina yaro akwai wani abu da ake rataya ma duk wanda aka kama yana Hausa, ka yi ta yawo da shi a wuya har ka kama wani ka miƙa mishi, wanda ya kwana da shi kuwa ya sha bulala. Dabarar da na samo ita ce in yi shiru gaba ɗaya, ba Hausa ba Faransanci. Na tsira daga bulala, amma shekara guda cur ban yi tambaya ko ɗaya ba, kuma rabon lissafi na ajin nan sai da na girma na koye shi da kaina. Shirun nan da ka yi na san ɗanɗanonshi.

Abin da ka faɗa na cewa kana zaune amma ba ka riƙe komi, masu binciken ƙwaƙwalwa sun san shi sarai. Wurin da mutum ke riƙe abu na ɗan lokaci yana juya shi ƙarami ne ƙwarai, kamar faifan mai talla, in ka cika shi da “kar a kira ni, kar a yi mini dariya” ina darasin zai zauna? Wata malama mai suna Sian Beilock ta daɗe tana aiki kan wannan a jami'ar Chicago. A 2011 ita da Gerardo Ramirez suka sa ɗalibai su rubuta fargabarsu a takarda na minti 10 kafin jarabawa, sai waɗanda suka fi tsoro suka fi yin kyau fiye da irinsu da ba su rubuta ba. Ba tsada, bik da takarda ne. Ka gwada kafin a fara haɗuwar taku.

Akwai kuma wani ciwon ƙarƙashin wannan, wanda ba ka faɗa ba amma na ji shi cikin saƙonka, wato jin cewa wurin ba naka ba ne, na ƴan Dakar da Abijan ne, kai baƙo ne da aka bari ya tsaya bakin ƙofa. A 2017 wasu masu bincike na Stanford, shugabansu René Kizilcec, sun nuna cewa ɗaliban ƙasashe matalauta na ɗauke da wannan nauyi cikin karatun intanet, kuma da aka sa su karanta labarin waɗanda suka riga su suka ji haka amma suka wuce, ko su rubuta dalilin da ya sa karatun ke da muhimmanci gare su, da yawa sun ƙara dagewa har ƙarshe. Sai dai in faɗa maka duka gaskiyar, da aka maimaita gwajin da mutum kusan 250,000 aka fitar a 2020, tasirin ya ragu sosai. Ma'ana ƴar takarda ba laya ba ce. Tana taimakawa kaɗan, sauran aikin sai an buɗe baki.

Mu Hausawa an raine mu da kunya kuma ni ban raina ta ba, tana da kyau gaban suruki, tana da kyau wajen akushi a gidan mutane. Amma magabata sun ware mata iyaka. Mujahid, almajirin Ibn Abbas, ya ce mai kunya da mai girman kai ba su koyon ilimi, kuma Nana A'isha ta yaba ma matan Madina saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. To in a kan addini an ce a tambaya, ina ga kwamfuta?

Ka rubuta tambayarka tun kafin a fara, jimla guda gajera, ka karanta ta da ƙarfi sau uku a ɗaki. Ka yi ta da wuri cikin minti goma na farko kafin zuciya ta fara kaɗa ganga, don jira shi ke ƙara tsoro. Waɗanda suka yi dariyar kuwa ina tabbatar maka sun manta tun kafin su kashe waya, kai kaɗai ke ta dakon abin. Kuma kai da ke da Hausa da Faransanci, ƙila da Larabcin makarantar allo, kana kuskuren kalma cikin harshenka na biyu ko na uku ne, wannan ba abin sunne kai ba ne. Ka lura da wanda bai yi dariya ba cikin ajin, ka neme shi gefe ku riƙa bita tare.

TAMBAYA, daga wani Alhaji ɗan kasuwa, Sabon Gari

Malam, yarona zai yi bak bana. Kullum bayan magariba sai ya ce ya tahi karatu da abokai. Shekaranjiya na bi sawu na iske su shida sun kewaye butar shayi ana ta musun ƙwallo, littattafai na gefe a rufe. Na yi niyyar hana shi fita shi zauna ɗaki shi kaɗai. Mi ka gani?

AMSA

Alhaji ranka shi daɗe, ka yi daidai da ka bi sawu, amma kar ka rufe shi ɗaki tukuna. Ina da dalili.

Cikin shekarun 1970 wani malamin lissafi a jami'ar Berkeley ta Kalifoniya, Uri Treisman, ya rasa gane abin da ya sa ɗalibai baƙaƙen fata masu ƙoƙari, waɗanda suka zo da sakamako mai kyau, ke faɗuwa lissafin shekarar farko alhali ƴan asalin Sin na wucewa. Sai ya bi mutum 20 daga nan 20 daga can ya ga yadda suke rayuwa. Ya iske na farkon suna karatu da gaske amma kowa shi kaɗai cikin ɗakinshi, ba mai ganin kuskurenshi. Ƴan Sin ɗin kuwa kowa zai yi nashi shi kaɗai tukuna, da dare su haɗu su ci abinci tare, su baje takardu, wannan ya duba na wancan, a yi gardama, a yi ma juna tsiya. Da ya shirya ma sauran irin wannan zama da tambayoyi masu wuya, sakamakonsu ya tashi. Ka lura Alhaji, har da cin abinci da tsiya a ciki. Shayin ba shi ne matsalar ba.

Wani malamin fizik na Harvard kuma, Eric Mazur, wajen 1990 ya gano ɗalibanshi na iya lissafa amsa amma ba su gane ma'anar abin ba. Wata rana ya yi bayani ya sake yi ba su gane ba, da ya gaji sai ya ce to kowa ya juya ya tattauna da na kusa da shi, cikin ƴan mintoci aji ya warware abin. Dalili shi ne yaron da ya gane yanzu-yanzu bai manta inda ya yi tuntuɓe ba, shi kuwa babban malami ya wuce wurin shekara talatin, ya ma manta akwai dutse a hanyar. A 2009 a jami'ar Colorado aka ga abin da ya fi wannan ban mamaki, ko da babu wanda ya san amsa cikin rukunin tun farko, gardamar kanta na sa su fi amsa tambaya ta gaba mai kama da ita.

Amma fa, kuma nan ne nike bayanka, daɗin zama ba shi ne karatu ba. Yara na iya kwana tare su tashi suna jin sun yi aiki alhali ba abin da ya shiga. Jin an koya da koyon kanshi sukan raba hanya. A Harvard ɗin dai a 2019 an gwada, ɗaliban da aka sa su wahala da kansu cikin aji sun ce ba su ji sun koyi abu sosai ba, waɗanda aka yi ma lacca mai daɗi suka ce sun koya, da aka yi jarabawa na farkon ne suka fi. Don haka in yaro ya ce maka Baba wallahi muna ƙaruwa, kar ka ɗauka, kar kuma ka ƙaryata, ka nemi shaida.

Kai da ka yi allo ka san tsarin ai. Gardi na fita kiskadi shi kaɗai ya yi ta tilawa ba mai damunshi, sannan a haɗu a yi musaffa, kowa ya kawo nashi, in ka yi tuntuɓe a harafi guda na kusa da kai ya tare ka nan take. Ba a taɓa cewa ɗaya ya isa ba tare da ɗayan ba. Yaronka musaffa yake zuwa ba tare da ya yi kiskadi ba, shi ya sa aka koma Barsa da Madrid.

In ni ne kai, sai in ce su dawo ƙofar gidana. In sa kafinta ya yi musu tabulo, in sayi alli da fitila mai caji, sukari da ganyen shayi ma ni zan riƙa ba da su, jika nawa ne. Sharaɗi kuwa, kowa ya yi awa guda shi kaɗai kafin ya zo, ya zo da abin da ya gagare shi a rubuce, kuma kowane dare mutum guda ya tashi gaban tabulo ya koyar da sauran, ana juyawa. Shida sun ɗan yi yawa, huɗu sun fi, amma kar ka kori kowa da bakinka, in aiki ya kankama wanda ƙwallo ta kawo zai janye da kanshi. Ba sai ka iya fizik ba kafin ka gane ana aiki, in ka leƙo ka ga hannuwa sun yi fari da alli ana musu kan lamba to bar su, ko da buta na kan wuta.

TAMBAYA, daga wata ɗaliba a Gidan Rumji

Mushe ni matsalata fushi. In ina kallon darasi na kai inda ban gane ba sai raina ya ɓaci in ji kamar in jefar da wayar, wani lokaci har kuka. Wannan lahiya ce?

AMSA

Lahiya ce ƴata, wayar dai a tausaya mata. Ruɗewa ba alamar daƙiƙanci ba ce, alama ce cewa sabon abu ya ci karo da tsohon da ke cikin kanki, wanda bai ruɗe ba sau da yawa bai ma kula ba ne. Masu bincike irin su Sidney D'Mello da Arthur Graesser sun nuna a 2014 cewa ruɗewa na iya ƙara fahimta, da sharaɗin a warware ta. In ba a warware ba ita ce ke zama takaici, takaici ya zama gundura, daga gundura sai rufe littafi. Ke kina tsayawa ne a mataki na biyu. To ki ba kanki minti goma sha biyar kina kokawa da wurin, in bai buɗe ba ki rubuta daidai inda ya tsaya miki, ba “ban gane komi ba”, a'a, “na gane har layi na uku, daga ina wannan lambar ta fito?” Ki aika ma wani, ki tashi ki sha ruwa. Rabin lokaci kafin a amsa miki kin gano da kanki wurin rubuta tambayar.

TAMBAYA, daga wata malama a Tasawa

Abokin aiki sannu da ƙoƙari. An ba ni horar da sabbin malamai na ƙauyuka daga nesa, su 34 ne, ina aika musu darasi ta waya muna haɗuwa sau ɗaya a wata. In na ce akwai tambaya sai shiru, in aikin gida ya zo sai in ga rabi ba su gane ba. Na gaji da magana da bango.

AMSA

Malama sannunki, wannan bangon duk mun yi magana da shi, tun ba a 2020 ba da korona ta rufe makarantu daga Maris har farkon Yuni kowa ya koma laluben yadda zai kai darasi gida.

“Akwai tambaya?” ita ce tambayar da ba a amsawa ko cikin aji, balle daga nesa. Wanda ya ɗaga hannu ya yi shelar jahilcinshi gaban mutum 33, kuma waɗannan malamai ne, a ƙauyensu su ake tambaya, kin ga nauyin ya ninka. Ki canza ta. Ki ce kowa ya turo mini wuri guda da ya fi ba shi wuya, dole ne, wanda bai turo ba bai yi aikin ba. Yanzu rashin ganewa ya zama aikin gida, ba abin kunya ba. Sai ki tattara ki amsa ba tare da kiran suna ba, ki ce mutum tara sun tsaya a nan, kowane cikin taran zai ji sanyi.

Ki riƙa amfani da murya fiye da rubutu, don murya na ɗauke da fara'a, rubutu kuwa busasshe ne, “ka sake dubawa” a rubuce kamar tsawa take. Ki kira su da sunansu, ki tambayi wanda matarshi ta haihu ya mai jego kafin ki shiga darasi. Wata rana ki ba su labarin kuskuren da kika taɓa yi gaban aji, ba za ki ragu ba. Wanda ya yi ƙarfin hali ya yi tambayar farko kuwa ki amsa mishi da wuri kuma da mutunci, don sauran 33 na kallon abin da zai same shi kafin su yanke shawara. In Faransanci ya tsaya ma mutum a wuya ki bar shi ya faɗa da Hausa, daga baya a mayar.

Ki tuna talabijin ɗin makaranta da aka fara a ƙasar nan a 1964. Darasi daga akwati yake fitowa, amma ba a taɓa barin yara da akwati su kaɗai ba, kowane aji da mai kula da shi, wanda ba wani dogon karatu ya yi ba, aikinshi in shiri ya ƙare ya sa yara su yi magana su gwada abin da suka gani. Ke ma ki nemi irinsu cikin 34 ɗin nan. Ki raba su uku-uku ko huɗu-huɗu bisa kusancin ƙauyukansu, yadda ranar kasuwa za su iya haɗuwa ko a rumfar mai shayi, kowane rukuni da mai tattaro tambayoyinsu ya turo miki da sunan rukuni. Ki gwada wata biyu ki rubuto mini, ina so in san ko rukunin da ke da mace a kai ya fi turo tambaya, don ni a nawa ajin haka na sha gani amma ban taɓa ƙirgawa ba.

Mai tambaya kan kuɗin rijistar jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da mai son sanin bambancin lisans da masta, ku yi haƙuri wuri ya ƙare, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.